Gudummawar Iyaye Ga Yara Masu Koyon Kareti A Ƙasar Ikara

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. A ƙasar Hausa wannan magana ba ta tsaya ga noma da ƙira da saƙa da jima kaɗai ba, har wasannin nuna ƙarfi ta shafa. Ɗan damben da ya fito fage yana kirari, in an bi salsalarsa, sau da yawa akan tarar ubansa ko kakansa ya taɓa ɗaura kara. Haka abin yake ga ɗan kokawa. To, amma tun daga shekarun 1970 wani baƙon wasa ya shigo zukatan yara, wanda babu gidan da ya gaje shi, watau kareti.

Wannan maƙala za ta duba nauyin da ke kan iyaye idan ɗansu ya nuna sha'awar wannan wasa, musamman a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan. Za a fara da bayanin abin da gado yake yi wa ɗan wasan gargajiya, sa'an nan a kawo asalin kareti da dalilan da ke sa iyaye ɗari-ɗari da shi. Daga nan sai a zo kan gudummawar da ake bukata daga gida. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, duk abin da gado yake ba ɗan dambe a sauƙaƙe, ɗan kareti ba zai same shi ba sai iyayensa sun tashi tsaye sun samar masa da gangan.

2.0 Ƙasar Ikara Da Wasanninta Na Gado

Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙananan hukumomi ne guda uku a arewacin Jihar Kaduna, a cikin masarautar Zazzau, wajen iyakarta da ƙasar Kano. Daga cikin garuruwansu akwai Paki da Saulawa da Auchan a ɓangaren Ikara, da Gimi da Gazara a ɓangaren Maƙarfi, da Hunƙuyi da Likoro a ɓangaren Kudan. Mutanen wannan yanki manoma ne na gasken gaske. Da damina ana noma masara da dawa da waken suya, da rani kuma a koma fadama. Maƙarfi ta yi suna a kan rake da mazarƙwaila, Ikara kuwa a kan tumatir.

A irin wannan ƙasa, kamar sauran ƙasar Hausa, kaka ita ce lokacin wasa. Idan an kai amfanin gona gida, samari sukan sami sarari, sai a buɗe fagen dambe da kokawa, yara kuma su yi langa da dare a dandali. Dambe tun asali wasan mahauta ne, shi ya sa kalangu, wanda yake kiɗan fawa, ya zama kiɗan dambe. Idan aka lura da kyau, za a ga gado yakan ba ɗan wasa abubuwa huɗu.

Na farko, izini. Ɗan mahauci ba ya bukatar ya roƙi ubansa kafin ya koyi naushi, domin a cikin abin ya buɗe ido. Na biyu, malami. Akan miƙa yaro ga wani gogaggen ɗan dambe ya riƙa bin sa yana ɗaukar masa kaya, har ya kai ga sunan ubangidan ya bi shi. Daga nan ne aka sami laƙabobi irin su Shagon wane da Autan wane da Bahagon wane. Na uku, lokaci, tun da yake al'ada ta riga ta keɓe kaka domin wasa. Na huɗu, yabo. Makaɗa da maroƙa suna nan a fage, kuma wanda ya yi fice sunansa ba ya ɓacewa, kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta raya sunan Shago har yau. A Jamhuriyar Nijar ma gwamnati ce ta ɗauki wannan nauyi na yabo, inda tun 1975 ake yin gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya, a ba sarkin kokawa takobi.

Waɗannan abubuwa huɗu su ne ma'aunin da za a auna halin da ɗan kareti yake ciki.

3.0 Asalin Kareti Da Yadda Ya Iso

An haifi kareti a tsibirin Okinawa, wanda yanzu yake cikin ƙasar Japan. Mutanen tsibirin sun haɗa dabarun faɗansu na gargajiya da waɗanda suka koyo daga ƙasar Sin. Ma'anar kalmar a yadda ake rubuta ta yanzu ita ce hannu wofi, watau faɗa ba da makami ba. A farkon ƙarni na 20 wani malami mai suna Anko Itosu ya yi ƙoƙari har aka shigar da wasan cikin makarantun tsibirin. Ɗaya daga cikin almajiransa, Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868 ya rasu a 1957, shi ne ya kai wasan birnin Tokyo a 1922. Abin lura a nan shi ne, Funakoshi ya tashi yana yaro mai raunin jiki, kuma malaminsa na farko uban wani abokin karatunsa ne. Ke nan ko a can ma ta hanyar sanayyar gida abin ya fara.

Koyon kareti ya kasu kashi uku. Akwai kihon, watau tushen wasa, inda ake maimaita tsayuwa da naushi da shuri da karewa har su zauna a jiki. Akwai kata, watau jerin motsi da aka tsara wanda mutum yake yi shi kaɗai kamar yana fuskantar abokan gaba da yawa. Sai kumite, watau karawa tsakanin mutum biyu. Launin ɗamarar da ɗan wasa ya ɗaura shi ke nuna matsayinsa, daga fara ta ɗan koyo har zuwa baƙa ta wanda ya ƙware. An aro wannan tsari ne daga wasan judo, wanda wani Bajapane mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882. Sunan nasa dai kama ce kawai ta zo da sunan birnin Dabo, babu wata dangantaka.

Yaran ƙasar Hausa ba ta hannun malami suka fara sanin wannan wasa ba, ta majigi ne. Finafinan Bruce Lee, wanda yara suke kira Burusli, wanda kuma ya mutu a 1973, sun cika gidajen silima na birane, daga baya bidiyo da gidajen kallo suka kai su har ƙauyuka, yanzu kuma ga wayar hannu. Gaskiyar magana ita ce abin da Bruce Lee yake yi ba kareti ba ne, tushensa faɗan Sinawa ne. Amma Bahaushe bai damu da wannan bambanci ba. Da kareti na Japan, da taikwando na Koriya, da kunfu na Sin, duk wanda ya ɗaga ƙafa ya kai shuri, ɗan kareti ne a wurinsa.

Masu koyar da wasan bisa ƙa'ida sun fi yawa a manyan birane kamar Zariya da Kaduna da Kano, a filayen wasa da barikoki da manyan makarantu. Saboda haka yaron Paki ko na Gimi yakan kamu da son abin tun yana gida, amma malami yana nesa. Sai ya tara 'yan'uwansa a bayan gari, ko a kan yashin rafi, suna kwaikwayon abin da suka gani. A nan ne ake karya hannu, a nan ne kuma wasan yake samun baƙin jini.

4.0 Abin Da Ke Sa Iyaye Ɗari-Ɗari

Ba daidai ba ne a ɗauka uban da ya hana ɗansa kareti jahilci ne ya sa shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Akwai dalilai masu ƙarfi da ya kamata a saurara.

Da fari akwai tsoron kada yaro ya zama fitinanne. Iyaye sun ga yadda ake ɗibar samari majiya ƙarfi a sa su bangar siyasa, sun kuma ga yadda daba da shaye-shaye suke lalata matasa. A ganinsu koya wa yaro duka tamkar miƙa masa wuƙa ne. Na biyu akwai tsoron rauni. Manomi ya san idan ɗansa ya karye ana tsakiyar aiki, an yi hasara biyu, ga kuɗin ɗori ga rashin mai taimako a gona. Na uku akwai maganar addini, musamman sunkuyawar da 'yan kareti suke yi wa malami da abokin karawa, wadda wasu suke ganin ta yi kama da ruku'u. Na huɗu, uba yakan tambaya, wai shin me za a ci a ciki? Ɗan ƙwallo dai an ga waɗanda suka yi arziki, ɗan dambe ana yi masa liƙi a fage, shi kuwa ɗan kareti kullum shi ne mai biya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana da gaskiyarsa. Sai dai hani kaɗai ba ya kawar da ko ɗaya. Yaron da aka hana a gida ba ya bari, ɓoyewa yake yi, kuma wanda ya koya a ɓoye shi ne ya fi kusa da duk abin da ake jin tsoro.

5.0 Gudummawar Da Ake Bukata Daga Iyaye

5.1 Izini Da Zaɓen Malami

Gudummawa ta farko ita ce uba ya san abin da ɗansa yake yi, ya sa masa albarka, ya kuma san hannun da zai miƙa shi. Bahaushe ba ya kai ɗansa makarantar allo sai ya san malamin, ba ya ba da shi koyon ɗinki ko kanikanci sai ya je ya ga ubangidan ido da ido. Bai kamata kareti ya fita daga wannan ƙa'ida ba. Ya kyautu uba ya je wurin horo da ƙafarsa, ya zauna ya kalla. Ya tambayi malamin wurin wa ya koya, wace hukuma ta ba shi ɗamarar da yake ɗaure da ita, kuma ko hukumar wasanni ta jiha ta san da zamansa. Ya duba ko ana horon a fili ne inda kowa zai gani, ko ana tsayawa idan lokacin salla ya yi, ko ana haɗa ƙaramin yaro da wanda ya fi ƙarfinsa. Malamin da ya ƙi iyaye su kalli darasinsa, ko yake dukan yara da sunan ƙarfafa su, ba abin ba amana ba ne.

A wannan zama ne kuma ya kamata a warware maganar sunkuyawa. A wurin Japanawa gaisuwa ce ta girmamawa, kamar yadda Bahaushe yake russuna wa na gaba da shi. Malaman addini kuwa sun daɗe suna magana a kan iyakar da ta dace a gaisuwa. Uban da abin ya dame shi sai ya nemi fatawar malaminsa, ya kuma gaya wa mai horarwa matsayinsa tun ranar farko. Magana ce da manya biyu za su iya kashewa a zaune, ba a bar yaro yana raba hankali tsakanin gida da fage ba.

5.2 Ɗawainiya

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan dambe kara da ɗan wando sun ishe shi fita fage. Ɗan kareti kuwa yana bukatar farar riga da wando na musamman, da ɗamara, da safar hannu, da abin kare haƙora da na ƙwauri. Akwai kuɗin jarrabawa duk lokacin da zai sauya ɗamara. Ga yaron ƙasar Ikara kuma akwai wanda ya fi waɗannan duka nauyi, watau kuɗin mota zuwa Zariya ko Kaduna.

Manomi ba ya samun kuɗi kowane wata, yakan samu ne idan ya sayar da amfani. Hikima ita ce a sa bukatun yaro cikin lissafin kaka, kamar yadda ake ware kuɗin taki da na kayan salla. Tela na gari zai iya ɗinka rigar horo idan an ba shi samfuri da yadi mai kauri. Haka nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan iyaye biyar ko goma na gari ɗaya suka haɗa kai, ɗauko malami ya zo musu ranar Asabar ko Lahadi ya fi sauƙi a kan kowa ya tura nasa birni. Filin makarantar firamare ya isa wurin horo, kuma ƙungiyar iyaye da malamai tana da bakin da za ta nemi izinin amfani da shi.

Nan ne kuma gudummawar uwa ta fi fitowa. Abincin ɗan wasa ba sai an sayo daga kanti ba. Tuwo da wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da zogale da awara duk suna cikin gida ko a bakin ƙofa. Uwa ce take sanin yaro ya ci ko bai ci ba, ita ce take fara ganin yana ɗingishi yana ɓoyewa. Wajibi ne kuma a yi hattara da abin da ake ba yaro da sunan ƙarin ƙarfi. A fagen dambe an saba da laya da guru da tsimi, amma a gasar kareti ba a yarda ɗan wasa ya shiga da wani ƙarfe ko zobe a jikinsa ba, kuma a manyan gasanni akan gwada fitsari. Ƙwayar da aboki ya ba yaro don kada ya gaji, ita ce mafarin shaye-shayen da ake gudu.

5.3 Lokaci

A da kaka da rani lokacin hutu ne. Yanzu a ƙasar rake da tumatir aiki ba ya yankewa, ana gama na tudu sai na fadama. Tun da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare ga kowa a 1976 kuma, yaro ya zama mai iyayengiji da yawa: boko da safe, Islamiyya da yamma, makarantar allo da asuba ko da dare, ga ban ruwa, ga kiwo, ga aike. Kareti kuwa ba wasan kaka ba ne. Yana son maimaici kowane mako, shekara da shekaru, kafin a kai ga baƙar ɗamara.

Babu mai iya yanka wa yaro wannan lokaci sai wanda yake da iko da aikin gida. Idan uba ya ce ranaku kaza bayan la'asar an ɗauke wa wane zuwa fadama, to ya yi masa abin da ya fi kuɗi. Amma sharaɗi ya biyo baya: ranar da karatu ya ja baya, wasa ma ya tsaya. Wannan sharaɗi shi ne amsar tambayar nan ta me za a ci a ciki. Kaɗan ne ƙwarai suke cin abinci da kareti kaɗai, ko a ƙasashen da suka fi arziki. An sa wasan a gasar Olamfik ta Tokyo wadda aka yi a 2021, amma ba a sa shi a ta Faris ta 2024 ba. Uban da ya cire ɗansa daga makaranta domin kareti ya yi sakin na hannu. Amfanin wasan na haƙiƙa shi ne lafiyar jiki da natsuwa da kare kai, sa'an nan ya zama ƙarin daraja ga mai takarda idan ya nemi aikin soja ko ɗan sanda ko koyar da wasanni.

5.4 Tarbiyya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsoron da iyaye suke yi na kada yaro ya zama mafaɗaci, maganinsa yana cikin wasan kansa, in an koyar da shi yadda ya kamata. Daga cikin ƙa'idojin da Funakoshi ya bari akwai cewa ɗan kareti ba ya fara kai hari, kuma wasan da ladabi yake farawa da ladabi yake ƙarewa. A nan ne ya sha bamban da dambe. A dambe abin nema shi ne kisa, watau a kai abokin karawa ƙasa. A gasar kumite kuwa maki ake ƙirgawa, ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon irin bugun, kuma ana son bugun ya isa inda aka nufa amma mai shi ya iya riƙe shi.

Abin da ya faru a Tokyo a watan Agusta na 2021 ya isa misali. A karawar ƙarshe ta masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki, sai ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ya faɗi sumamme. Da a fagen dambe ne da kalangu ya ɗauka. Amma alƙalai suka yanke cewa bugun ya wuce ƙa'ida, aka ba wanda ya faɗi zinariya, wanda ya kayar ya koma da azurfa. Wannan labari ya cancanci kowane uba ya ba ɗansa shi. Ya kuma dace da abin da ya zo a hadisi, cewa ƙarfi na gaskiya ba kayar da mutane ba ne, mallakar kai ne a lokacin fushi.

Sai dai malami sa'a biyu yake ganin yaro, sauran yini na gida ne. Iyaye ne za su lura ko ya fara gwada shuri a kan ƙannensa, ko yana tsokanar 'yan unguwa. Ranar da aka kawo ƙararsa, kada a ce ai yaro ne. A tsawata masa, a kuma sanar da malaminsa. Haka nan kada uba ya mai da ɗansa abin tsoratar da maƙwabta, ko ya bari wani mai neman kujera ya ɗauke shi gadi. Wanda ya yi haka shi ya karya abin da malami ya gina.

5.5 Kunya Da Yabo

A nan akwai wata matsala wadda ta keɓanta da al'adar Bahaushe. A wasu ƙasashe uba da uwa sukan zauna a gaba ranar gasa suna kiran sunan ɗansu. Bahaushe kuwa yana da kunyar 'ya'ya, balle ɗan fari, wanda uwa ba ta ko faɗin sunansa. Yabon ɗa a bainar jama'a rashin ta-ido ne. A fagen dambe wannan bai zama cikas ba, domin makaɗa sun ɗauke wa iyaye aikin yabo. Ɗan kareti kuwa ba shi da makaɗi. Yakan dawo daga gasa da lambarsa a aljihu, ya shiga gida babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Yara da yawa a nan gwiwarsu take sanyi.

Ba sai an rushe kunya ba kafin a magance wannan. Al'adar da ta hana uba magana ita ce ta buɗe bakin wasu. Kawu da baffa da gwaggo ba su da wannan takunkumi, kaka kuwa abokin wasan jika ne, yana iya yi masa kirari son ransa. Uba zai iya tura ƙaninsa ya raka yaro gasa. Uwa za ta iya dafa masa abin da ya fi so ranar da ya dawo. Kalmar nan ta "Allah ya yi maka albarka" daga bakin uba, ko da a soro ne babu kowa, ta fi tafin mutum dubu. An fi bukatar wannan ma ranar da aka kayar da yaro. Wanda aka yi wa dariya a gida saboda ya sha kaye, ko dai ya bari, ko ya koma neman nasara ta kowace hanya.

5.6 'Ya'ya Mata

Dambe da kokawa a fagen jama'a wasannin maza ne. Kareti kuwa yana da ɓangaren mata cikakke. Tun 2013 hukumar kareti ta duniya ta amince mata Musulmi su shiga gasa da ɗankwalin da ya rufe gashi, rigar wasan kuma da ma doguwar hannu ce da dogon wando. A Tokyo, Feryal Abdelaziz ta ci zinariya a kumite, ta zama mace ta farko daga Masar da ta taɓa cin zinariya a Olamfik. Yarinyar da take tafiya makaranta ko talla ita kaɗai ba ta fi namiji rashin bukatar sanin yadda za ta ƙwaci kanta ba. Abin da ya rage ga iyaye shi ne sharuɗɗa: a sami mace mai horarwa in da hali, ko a ware wa mata lokacinsu, wata babba daga gida ta riƙa rakiya, kuma kada a yi tafiyar kwana sai da wanda aka amince da shi.

5.7 Gaskiyar Shekaru

Ana raba gasar yara bisa shekaru da nauyi. Tun 1973 ake yin bikin wasanni na ƙasa, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009, kuma a 2013 aka fara gasar matasa ta ƙasa domin masu ƙananan shekaru. Rage shekaru tsohuwar cuta ce a wasannin Nijeriya. Babu wanda ya san ranar haihuwar yaro kamar iyayensa, saboda haka ba a iya yin wannan maguɗi sai da saninsu ko da shirunsu. A wasan da ake kai bugu, haɗa saurayi da ƙaramin yaro ba zamba ce kaɗai ba, ganganci ne da lafiyar ɗan wani. Yi wa yaro takardar haihuwa tun da wuri, da ƙin yarda a taɓa ta, gudummawa ce babba.

6.0 Misali Daga Gida Nijeriya

Wanda yake shakkar tasirin uba a irin waɗannan wasanni sai ya dubi gidan Sanata Uche Chukwumerije na Jihar Abiya, wanda ya rasu a 2015. Shi kansa mai baƙar ɗamara ne a taikwando, ya kuma sa 'ya'yansa a wasan tun suna ƙanana. Ɗansa Chika ya ci zinariya a wasannin Afirka na 2007 a Aljeriya, sa'an nan ya ci tagulla a Olamfik ta 2008 a Bejin, uban kuwa yana tsaye a kan ɗawainiyar horonsa. Gaskiya ne ba kowane uba ne sanata ba. Amma darasin ba na yawan kuɗi ba ne. Taikwando baƙo ne a ƙasar Ibo kamar yadda kareti yake baƙo a ƙasar Zazzau. Mutum ɗaya ne ya karɓe shi ya shigar da shi gida, a cikin zuriya ɗaya ya zama gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

7.0 Kammalawa

An ga yadda gado yake ba ɗan dambe izini da malami da lokaci da yabo ba tare da ya nema ba, an kuma ga yadda ɗan kareti na ƙasar Ikara ya tashi babu ko ɗaya daga cikinsu. Hukuma tana iya gina fili, malami yana iya koyar da shuri, amma waɗannan abubuwa huɗu daga gida suke fitowa. Zaɓin da ke gaban iyaye ba tsakanin yaro ya koya ko kada ya koya ba ne, domin majigi da waya sun riga sun yanke wannan. Zaɓin shi ne ko ya koya a bayan gari hannun sa'o'insa, ko ya koya a fili hannun malamin da ubansa ya sani. Na farkon yakan haifar da abin da ake tsoro. Na biyun kuwa yana iya fitar da yaro mai lafiya, mai ladabi, wanda ya san ƙarfinsa ya kuma san inda zai tsayar da shi. Allah ya shirya zuriya, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ya ɗora musu, amin.